Malam Hambali da Inuwar Gawo

Duk Bahaushen da ya sauka Kuala Lumpur da sunan karatu a 'yan shekarun nan, in dai Taman Melati ya nufa, da wuya in ba Malam Hambali Usaini ne ya ɗauko shi daga filin jirgi ba. Tun daga nesa za ka gane shi: dogo ne siriri, da hula zanna a kansa, da lema biyu a hammata, ɗaya tasa ɗaya ta baƙo. In ka ce masa ai gari garau yake, sai ya ɗaga kai ya dubi sama irin kallon da ake wa wanda ya taɓa cin amana, ya ce, "Garin nan ba a yarda da shi."

Motarsa tsohuwar Proton ce ruwan toka. Tafiyar da kowa ke yi cikin awa guda, shi sai ya kusa ninka ta. Yakan sa trafiketa tun kwana ba ta san da zuwansa ba, yakan sa ta ko a garejin gidansu inda ba kowa sai kyanwa. Lawal, wani Bazazzage mai karatun injiniya da ba a raba shi da tsokana, yakan ce ko juyi Malam Hambali zai yi a kan gado sai ya fara ba Turai hannu.

Turai ita ce matarsa, kuma ita ce ɗalibar. Shi rakiya ya yi. Malamin firamare ne a Birnin Kudu, ya ɗauki hutu ya biyo ta lokacin da gwamnati ta ɗauki nauyin digirinta na uku. Bincikenta a kan zanen duwatsu ne, irin na garinsu, da yadda mutanen da ke zaune kusa da su za su kula da su har su ci abinci da su. Mukan kira shi mijin Dakta, ya amsa da fara'a. Shi ke cefane a kasuwar Chow Kit, shi ke ɗora tuwo in ta yi dare a ɗakin karatu, shi ya san kantin da ake samun busasshiyar kuɓewa.

Waɗanda suka san shi a gida sun ce da ba haka yake ba. Har an ce ya taɓa sakin hannu a kan babur. Abin ya same shi ne ranar da za su taso, a zauren surukinsa Alhaji Ashafa, dattijon manomi da ba ya yawan magana. Tsohon ya riƙe hannunsa ya ce, "Hambali, ga amana nan. Ka kai ta, ka dawo min da ita." Shi ke nan abin da ya faɗa. Amma maganar ta shige cikin Malam Hambali ta yi ɗaki ta zauna. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci a can gida, yakan buga waya, kuma kafin gaisuwa ta yi nisa sai ka ji ya ce, "Amanarku tana lafiya, Baba."

A shekararsu ta uku ne malamin da ke duba aikin Turai ya ce sai ta je Namibiya. Akwai wani wuri a hamadar ƙasar, Twyfelfontein, inda mutanen zamanin da can suka sassaƙa dabbobi a jikin duwatsu, kuma 'yan ƙabilar Damara da ke yankin su ke yi wa baƙi jagora. Abin da take so ta ga ko zai yiwu a garinsu ke nan. In babu wannan babi, kundinta ba zai kammala ba, ga wa'adin karatunta ya kusa cika. Sai dai ba motar haya da ke zuwa wurin. Mota ake ɗauka mai tanti a bisa rufinta, mutum ya tuƙa kansa, ya kwana inda dare ya yi masa.

Da yamma ya zo mana da labarin a shagon mamak na bakin tasha, irin gidan shayin Indiyawan ƙasar, inda muke shan shayi. Ya zauna, aka kawo masa nasa, bai taɓa ba.

Lawal ya ce, "Malam, an ce za ka shiga daji. Zakuna sun ji labari kuwa?"

"Kai dai bari, Lawal. Jiya har asuba ina kallonsu a waya."

"To me ka gano?"

"Suna da sauri."

"Kar ka damu, mutumina. Zaki in ya ga ka sa masa trafiketa zai ba ka hanya."

Aka yi dariya, shi ma ya murmusa, amma hannunsa na kan gwiwa yana murza ta. Ya gaya mana ya roƙi Turai ta yi aikin da hotuna, tunda duk suna nan a intanet. Ta ce masa, "Malam, da hoto na isa, da ba mu bar Birnin Kudu ba." Ya ce to ta tafi da wata ƙungiyar masu yawon buɗe ido. Ta ce ta yarda, shi ya zauna gida ya huta. Nan take ya ga wannan ya fi na farko muni. Ya za a yi Juma'a ta zo ya ce amana tana lafiya alhali bai san inda ta kwana ba?

Sai ya shiga shiri. Ya ari tanti ya kafa a tsakar falo, suka kwana a ciki, fanka na kaɗawa. Ya riƙa cire tayar Proton yana mayarwa a gareji, har mai gadin gidan ya zo ya tsaya a kansa ya tambaye shi cikin ladabi ko motar tasa ce. Ya haɗa kilishi da yaji da garin kunu, da maganin ciwon ciki, da igiya, da tsintsiyar kwakwa. Lemar nan biyu ma suka shiga akwati. Turai ta ce masa hamada fa za su je. Ya ce, "Ba ta cin abinci, Malama. A bar ta."

Lawal ne ya kai su filin jirgi a motar Malam Hambalin. Ya dawo yana rantsuwa cewa mai motar ya kusa huda ƙasan kujerar gefe da taka birkin da babu shi.

Sauran labarin daga bakinsu na ji shi bayan sun dawo, rabi daga miji rabi daga mata, kuma inda suka saɓa na bi na Turai.

Abu na farko da ya sanyaya masa rai a Windhoek shi ne a hannun hagu suke tuƙi, kamar Maleshiya. Na biyu shi ne mutumin da ya ba su hayar motar ya zauna ya jero musu gargaɗi, kuma ba abin da Malam Hambali ke so a duniya kamar gargaɗi. A rage iskar taya in an hau burji. Kar a yi gudu. Kar a yi tuƙi bayan faɗuwar rana. Kar a kwana a cikin busasshen rafi, don ana iya yin ruwa can nesa a kan duwatsu, ambaliya ta iso mutum yana barci. Ya haddace su tas kamar karatun allo, yana maimaitawa a ƙasan maƙoshi.

Da kwalta ta ƙare, waya ma ta ɗauke. Ƙasa ta buɗe, ja da ruwan ɗorawa, ba gida ba mutum, sai duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai can a ƙarshen gani. Barewa na tsalle a gefen hanya, jimina na gudu da 'ya'yanta, mariri na tsaye da dogon ƙahonsa yana kallonsu kamar mai jiran a gaishe shi. Turai ce ta ga duk waɗannan. Shi idonsa na kan hanya, in ya ɗauke sai a kan allurar zafin inji.

"Malam, dubi raƙumin dawa."

"Ki gaishe shi."

"Ko sau ɗaya ba za ka duba ba?"

"In na duba wa zai duba hanya?"

Da azahar wata rana suka isa wani ƙaramin zango, tafiyar safiya guda kafin duwatsun. Mai kula da shi wata dattijuwar Damara ce mai suna Rosalia, da doguwar riga mai faɗi da ɗankwali, da awaki 'yan kaɗan da suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Da ta gaishe su da harshensu, mai ƙas-ƙas a tsakanin kalmomi, Malam Hambali ya tsorata ya zaci tsaki ake masa, ya shiga tunanin laifin da ya yi tun bai sauko ba. Sai da ta koma Turanci tana dariya sannan ya saki ransa.

Ita da Turai nan da nan suka shaƙu. Ta nuna mata wani ƙoƙo cike da ƙwayar ciyawa, ta ce daga gidan tururuwa suke tonowa su yi fate da ita, amma ba a kwashewa duka, sai an bar wa masu gida nasu. Turai ta riƙe baki, don kakarta ta sha ba ta labarin shekarar yunwa da aka riƙa tona gidan tururuwa a ƙauyensu. Rosalia ta kai su inda baƙi ke kafa tanti, can bisa tudu a tsakanin jajayen duwatsu, fili fetal ba inuwa. Sannan ta ɗaura jakunanta a amalanke ta ce za ta je gidan ƙanwarta ɗauko itace, za ta dawo kafin rana ta faɗi.

Tana ba da baya Malam Hambali ya fara zagaye. Bai ji daɗin wurin ba. Duk ɗan Birnin Kudu ya san abin da ke kwana a tsagar dutse. Ya leƙa nan ya leƙa can, ƙadangare ya gifta ya kusa sa shi sakin fitsari, can kuma sai ga saɓar maciji maƙale a wani lungu. Ya ja da baya. Daga nan ya juya ya dubi gangare, sai ya hango wani layin itatuwa kore shar a bakin farin yashi.

Ya ƙura musu ido, sannan ya kira matarsa.

"Malama, zo ki gani. Wancan ba gawo ba ne?"

Gawo ne kuwa. Manya-manya, irin waɗanda ke gonar Alhaji Ashafa, da farin reshensu da jajayen 'ya'yansu masu lanƙwasa zube a ƙasa. Turai ta ce tun da suka bar gida ba ta taɓa ganin fuskar mijinta ta sake haka ba. A duk faɗin wannan ƙasa da bai san sunan ko ciyawa ɗaya ba, ga wanda ya sani tun yana yaro.

"Can za mu kwana," in ji shi.

"Ai rafi ne, Malam. Kai da bakinka kake ta maimaita kar a kwana a rafi."

"Saboda me aka hana? Saboda ruwa. To dubi ganyensa. Yaushe kika taɓa ganin gawo da ganye da damina?"

Gaskiya ya faɗa. Kowa ya san gawo da damina yake kaɗe ganye, sai rani ya yi sannan ya tofo. Gawo mai ganye shaida ce ruwa ya yi nisa. Ita ma 'yar manomi ce, ta san haka. Suka gangara da motar a hankali, ya sa trafiketa, ya faka a gindin wanda ya fi kowanne inuwa. Ya lura da wasu manyan rassa a kakkarye, ya girgiza kai ya ce wane marar tausayi ne ke yi wa gawo haka. Bai ƙara tunani a kai ba.

Ya buɗe tanti a bisa motar, ya kafa tsani. Turai ta ce kanta na sarawa, ta hau ta kwanta, ta ja zif. Shi kuwa ya tsaya yana kallon 'ya'yan gawon da ke zube, abin ya tsaya masa a rai. A garinsu ba a barin wannan ya lalace. Yara ke rige-rigen tsinta, a kai wa tumaki, a yi kiwon ragon layya da shi. Ga awakin baiwar Allah sun rame, ga su sun zo mata hannu rabbana. Ya ɗauko tsintsiyarsa. Ya share gindin wannan, ya share na wancan, ya bi har na uku da na huɗu, ya tara tuli guda mai kyau daidai ƙafar tsanin, don in Rosalia ta dawo a loda mata a amalanke. Ya dubi tulin ya ji daɗi.

La'asar ta yi. Ya yi alwala da ruwa kaɗan, ya matsa 'yan taku daga motar, ya shimfiɗa darduma, ya buɗe lema ɗaya ya soka a yashi saboda ranar da ke ratsowa. Ya ce ita ce sallar da ya fi natsuwa a cikinta tun da suka sauka ƙasar.

Ya yi sallama ta dama, ba komai sai yashi. Ya yi ta hagu, sai ya ga bango. Bango mai launin toka, mai tamoji, inda ɗazu babu bango. Sai bangon ya ɗaga ƙafa.

Bai ji zuwansu ba ko kaɗan. Abin da ya fi ba shi mamaki har yau ke nan, a ce halitta mai wannan girma tana tafiya kamar kyanwa. Giwaye ne, garke guda, sun biyo rafin kamar yadda suke bi kullum, suna neman abin da suke nema kullum. Sun tarar an share gindin itatuwa tas, ba ko ƙwaya. Babbar cikinsu, mai karyayyen haure ɗaya, ta ɗaga hannunta ta shinshini iska, ta miƙe kai tsaye zuwa inda aka tara mata.

Ta tsaya a gindin tsanin. Kanta daidai ƙofar tanti.

Makullin motar na aljihunsa. Tunanin farko da ya zo masa shi ne ya ruga ya tada inji, sai ya ga tsakaninsa da ƙofar motar akwai ƙafafu huɗu kamar turame. Na biyu ya yi ihu ya kore su kamar yadda ake korar shanu daga gona, sai ya tuna bai san yadda giwa ke ɗaukar ihu ba. Kuma ba kansa yake ji ba. Turai yake ji. Ya san halinta: in ta farka takan ja zif ta zuro ƙafa tana lalubar tsani ido a rufe. Lokacin salla ya yi, yanzu-yanzu za ta tashi. Za ta zuro ƙafar nan ta sauke ta a goshin giwa.

Gumi ya karyo masa har yana ɗiga daga haɓa. Giwar na ɗibar 'ya'yan gawo tana kaiwa baki, ana jin ƙarar taunar, gurus gurus. Duk ɗibar da ta yi sai hannunta ya goga tsanin, tsanin ya motsa, motar ta yi ɗan rawa. Ya ga zauren Alhaji Ashafa ƙiri-ƙiri. Ya ga kansa a durƙushe yana neman ta inda zai fara.

Can bisa gaɓar rafin ya hango amalanke ta tsaya cak. Rosalia ce. Ba ta yi magana ba, ta miƙa hannu ɗaya tana danna tafinta ƙasa a hankali, tana sake dannawa. Ya gane. Zauna. Wannan kuwa shi ne abin da ya fi masa wuya a duniya, mutumin da in hankalinsa ya tashi sai ya duba taya ko ya ƙara ɗaure igiya.

Ya zauna. Amma zif ɗin fa?

Sai ya ɗauki carbinsa, ya saukar da murya irin ta mai lazimi bayan salla, wadda Turai ta saba ji kullum, mai tafiya daidai ba hawa ba sauka. A cikin wannan murya ya riƙa cewa, "Turai kar ki buɗe. Turai kar ki sauko. Turai in kina ji na kar ki motsa." Kunnen giwar ya ɗan karkato wajensa, ta ci gaba da tauna. Ya sake maimaitawa. Ya sake.

Daga cikin tantin wata murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Malam, ai tun ɗazu muke kallon juna da ita ta raga. Kai dai ka yi shiru."

Ya ce da ya ji wannan sai ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka, aka ɗora masa wani. Don a daidai lokacin ne wani ɗan giwa, bai fi tsawon jaki ba, ya ga lema. Ya taho da rangaji, ya shinshine ta, ya ture ta, ta mirgina ta tsaya a bakin dardumar. Ya biyo ta. Babbar nan, ashe ita ce uwarsa, ta bar cin abinci. Ta juyo gaba ɗaya, ta baza kunnuwa, ta tako har inuwarta ta rufe shi.

Bai san tsawon lokacin da suka yi a haka ba. Ya sunkuyar da kai kamar ɗalibi a gaban malami, yana kallon faratan ƙafarta. Yana jin warinta, yana jin numfashinta a kan hularsa. Ya karanta duk abin da ya sani, wasu ma ya karanta su a juye. Sai ta hura masa iska mai ɗumi haɗe da ƙura, ta sa hannu ta tura ɗanta gaba. Ɗan ya taka lemar ta yi ƙaras, suka wuce. Sauran suka tsince abin da ya rage na tulin, suka bi rafin suka yi yamma, shiru kamar yadda suka zo.

Turai ce ta sauko ta same shi. Yana nan zaune a kan dardumar. Ya riƙa dubanta daga kai har ƙafa, ya ce ta juya, ta juya, ya ce ta ɗaga hannu.

Rosalia ta iso tana haki. Ta dubi sharar da aka yi wa gindin itatuwa, ta dubi tsintsiya, ta tambayi wa ya yi wannan aiki. Turai ta yi mata bayanin awaki da ragon layya. Dattijuwar ta dafa amalanke ta yi dariya har da hawaye, sannan ta kama hannun Malam Hambali biyu ta yi masa godiya ta gaskiya. Ta ce ba baƙon da ya taɓa tuna awakinta. Ta ce su ma suna tsintar musu, amma da hantsi, kaɗan-kaɗan, don da yamma rafin na masu shi ne. Shi ya sa ta kai baƙi kan tudu. Ta ƙara da cewa laifinta ne da ba ta faɗa ba, ta ga mutum ne mai taka-tsantsan.

Suka koma kan tudu cikin jajayen duwatsu. Bai ko tuna da maciji ba. Kafin magariba ya ce, "Malama, gobe Windhoek za mu koma. Na gama."

Ya shirya wa gardama. Ta dube shi, ta dubi jakar kayan aikinta, ta ce, "To, Malam." Ba ta ƙara ko kalma ba. Ya ce da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Da safe suka yi sallama da Rosalia, ya bar mata tsintsiyar. Ba su yi nisa ba suka iso mararraba: hagu hanyar komawa birni, dama hanyar duwatsun. Ba mota ko ɗaya daga nan har ƙarshen gani. Ya tsaya, ya sa trafiketar hagu. Ya duba dama, ya duba hagu, ya sake duba dama. Bai tafi ba. Trafiketa na ta ƙas, ƙas, ƙas.

"Malam, batir zai mutu."

"Ina tunanin Juma'a ne."

"Me ya sami Juma'a?"

"In na ce wa Baba amana tana lafiya, ya ce to ka kai ta?"

"Sai ka faɗa masa gaskiya. Ka kai ni gindin gawo."

Ya murza sitiyari. Ya tambaye ta ko a can ma akwai giwaye. Ta ce akwai. Macizai fa? Ta ce tabbas, wurin ai duk dutse ne. Ya ce ko ɗan rarrashi ba za ta yi masa ba? Ta ce in ta yi masa ƙarya zai gane. Ya ja dogon numfashi, ya yi bisimilla, ya ɗaga sandar trafiketar ta koma dama. Sai da ya sake duba hanya sau biyu sannan ya shiga.

Kwanaki suka yi a wurin. Turai ta bi jagororin Damara dutse bayan dutse, tana tambaya tana ɗaukar hoto, shi yana biye da ita da lemar da ta rage, yana yi mata inuwa, idonsa na kan kowace tsaga. Ba zan ce tsoro ya bar shi ba, don kullum sai ya kakkaɓe mata takalmi kafin ta saka. Amma ta ce akwai inda ya tsaya da kansa, gaban wani jan dutse da aka sassaƙa giwa a jikinsa tun zamanin da ba wanda ya sani. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wanda ya yi wannan a zaune ya gan ta. Dubi yadda ya yi ƙafafun."

Sun dawo Kuala Lumpur ranar Laraba, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, su biyu a ƙarƙashin lema ɗaya. Lawal ya tarye su ya ce, "Malam, ina ɗayar?" Ya ce an yi sadaka da ita.

Ranar Juma'a muna shagon mamak ya fitar da waya. Ya ajiye, ya ɗauka, ya sake ajiyewa. Tun a gida Turai ta ce masa ba dole sai ya ba da labarin giwa ba, amma shi ya ce wanda ya ba ka amana ba a yi masa rabin bayani. Ya koma gefe ya buga. Muna hango shi yana magana yana rusunawa kamar tsohon na gabansa, yana nuna tsawon hauren da hannu. Da ya dawo ya zauna, sai ya ja kofin shayinsa ya kurɓa tun da zafinsa.

Lawal ya ce, "Yaya? An karɓe amanar?"

"Ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, ta ga duwatsun? Na ce ta gani. Ya ce to madalla."

"Shi ke nan?"

"Sai ya tambaye ni ko gawon can ya kai namu 'ya'ya."

"Ka ce me?"

"Na ce ban samu na auna ba, Baba, an riga ni."

Ya shanye shayin, ya leƙa sama ta ƙarƙashin rumfa, ya ce bari ya je ya ɗauko Malama daga makaranta kafin hadarin nan ya haɗu. Muka duba, ba mu ga hadari ba. Ya shiga Proton, ya sa trafiketa, ya jira.